Ma'ajin hukuma ya sayi ƙungiya a gasar hukumarsa: ina laifin yake idan doka ta yarda?

Sani_Tudunwada:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bin wasan kurket. Akwai maganar da ta daɗe tana damuna game da Narayanaswami Srinivasan, tsohon shugaban hukumar kurket ta Indiya, wato BCCI. A watan Janairun 2008, lokacin da aka yi gwanjon ƙungiyoyi takwas na sabuwar gasar IPL, wato gasar ƙungiyoyin biranen Indiya, kamfanin siminti na India Cements, wanda Srinivasan ke jagoranta, ya sayi ƙungiyar birnin Chennai a kan dala miliyan 91, alhali shi ne ma'ajin hukumar a lokacin. Daga baya ya zama sakatare, a 2011 ya zama shugaba, kuma ƙungiyar Chennai Super Kings tana hannun kamfaninsa duk tsawon wannan lokaci. A 2015 Kotun Ƙolin Indiya ta ce ba zai sake tsayawa takara ba muddin yana da hannu a ƙungiyar. Abin da na kasa fahimta shi ne laifin da ya aikata. Bai saye ta a ɓoye ba, shugaban hukumar na wancan lokaci, Sharad Pawar, ya amince kamfanin ya shiga gwanjon, an kuma gyara ƙa'idar hukumar ta halatta hakan. Mutumin ya zuba dukiyarsa a lokacin da babu wanda ya san ko gasar za ta yi kasuwa. Ina ganin an hukunta shi ne a kan zato, kuma ina so wanda ya fi ni sani ya nuna mini inda na kuskure.

Barista_Hadiza:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Kuskuren yana cikin jerin watannin. Sashe na 6.2.4 na ƙa'idojin BCCI ya hana duk wani jami'in hukumar samun wata riba ta kasuwanci, kai tsaye ko a kaikaice, daga wasannin da hukumar ke shiryawa. An sayi ƙungiyar a watan Janairu wannan sashe yana nan daram. Sai a watan Satumban 2008 aka gyara shi, aka cire IPL da gasar Champions League ta kurket daga cikin hanin. Saboda haka an riga an karya ƙa'idar, sa'an nan aka dawo aka yanke ta daidai da jikin wanda ya karya ta, kuma shi kansa yana cikin manyan hukumar da ta yi gyaran. Tsohon shugaban hukumar, A.C. Muthiah, ya kai ƙara a kan wannan tun da wuri, har maganar ta kai Kotun Ƙoli, inda alƙalai biyun da suka saurare ta a 2011 suka rabu, kowa da nasa ra'ayi. Wannan rabuwar ce ta ba lamarin damar ci gaba har ya kai ga abin da ya faru a 2013.

Ɗanliti_Chepauk:
Na yi karatu shekara huɗu a Chennai, kuma ina so Malam Sani ya san cewa mafi yawan mutanen garin da na zauna da su ra'ayinsa suke da shi. Ranar da ƙungiyar ke wasa a filin Chepauk, tun da la'asar jirgin ƙasan da ke bi ta gefen filin yake cika da masu riguna ruwan ɗorawa, masu tuƙa keke-napep suna liƙa hoton kyaftin ɗin ƙungiyar, Dhoni, a gilashi, kuma mai shagon da nake sayen shayi a wurinsa yakan rufe shago da wuri. A wurinsu Srinivasan mutum ne da ya raya kurket a jihar Tamil Nadu, domin kamfaninsa ya daɗe yana ɗaukar 'yan wasa aiki yana biyansu albashi tun kafin a san za a yi IPL. Ban taɓa jin ɗayansu ya kira shi ɓarawo ba.

Amma ni abin da ya sauya mini tunani shi ne lissafin muƙaman. A lokacin, Mahendra Singh Dhoni kyaftin ɗin Indiya ne, kyaftin ɗin Chennai ne, kuma an ba shi muƙamin mataimakin shugaba a India Cements. Krishnamachari Srikkanth ya shugabanci kwamitin zaɓen 'yan wasan ƙasa yana kuma jakadan tallar ƙungiyar Chennai. Bayan Indiya ta sha kashi huɗu ba ko ɗaya a Ingila a 2011, ta sake shan irinsa a Ostareliya, ɗaya daga cikin masu zaɓen, Mohinder Amarnath, ya fito ya ce sun so su sauke Dhoni daga kyaftin amma shugaban hukumar ya hana. Mai yiwuwa shawarar barin Dhoni ita ce daidai, domin mutum ne da ya ci wa ƙasarsa kofin duniya a 2011. Sai dai babu yadda za a yi ɗan Indiya ya san ko shugaban hukuma ne ya yanke ta ko mai ƙungiyar da darajarta ta dogara da sunan Dhoni.

Abu_Khalid:
Don Allah a yi mana bayanin abin da ya faru a 2013 ɗin, domin wasunmu ba mu daɗe da fara kallon wasan ba.

Koci_Bala:
To, ɗan'uwa Abu Khalid. A watan Mayun 2013 'yan sandan Delhi suka kama 'yan wasa uku na ƙungiyar Rajasthan Royals: Sreesanth, da Ajit Chandila, da Ankeet Chavan. Ba a zarge su da sayar da wasa gaba ɗaya ba, an zarge su ne da ƙaramin coge, wato mai jifa ya yarda da 'yan caca cewa a wani zagaye na jifa shida zai bari a ci shi maki kaza. 'Yan sanda sun ce alamar da Sreesanth ya ba 'yan cacar ita ce tawul da ya soke a ƙugun wandonsa kafin ya fara jifa. Kotun Delhi ta sallame su a 2015, amma hukumar ta riga ta hana su wasa, kuma Sreesanth bai samu dawowa ba sai 2020, bayan an rage hukuncinsa zuwa shekara bakwai.

Kwanaki kaɗan bayan kama su, 'yan sandan Mumbai suka kama Gurunath Meiyappan bisa zargin yin caca a kan wasannin gasar. Meiyappan mijin 'yar Srinivasan ne. Duk mai kallon gasar ya san fuskarsa, domin shi ke zama a teburin Chennai ranar gwanjon 'yan wasa, shi ke zama tare da 'yan wasa a bakin fili. Da aka kama shi, sai aka ce shi ba kowa ba ne a ƙungiyar, mai sha'awar wasa ne kawai.

Malam_Nasiru_Zariya:
Ni ba masanin kurket ba ne, amma tambayar Malam Sani ba sabuwa ba ce a wurin malamanmu. A fiƙihun Malikiyya ba a karɓar shaidar ɗa ga mahaifinsa, ko mahaifi ga ɗansa, ko miji ga matarsa, haka kuma ba a karɓar shaidar wanda zai jawo wa kansa amfani da ita ko ya tunkuɗe wa kansa wata cuta. Malamai ba su ce waɗannan mutane maƙaryata ne ba. Mutum yana iya zama mafi gaskiya a garinsu, amma a wannan shari'a guda ɗaya sai a ce ya zauna, saboda tuhuma ta riga ta shiga. Akwai kuma hadisin Ibn al-Lutbiyya da ke cikin Bukhari da Muslim, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana cewa wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa da ya ga ko kyautar za ta same shi. Abin dubawa shi ne kujerar da mutum yake a kai lokacin da amfanin ya zo masa. Ku ƙara da cewa suruki ne ake magana. Wanene a cikinmu zai iya zama ya sa hannu a takardar da za ta ɗaure mijin 'yarsa, ta kuma rushe kadarar kamfaninsa, hannunsa bai yi rawa ba?

Sani_Tudunwada:
Allah ya ƙara sani, Malam. Na karɓi gyaran Barista a kan watannin, ban san gyaran ƙa'idar ya biyo bayan cinikin ba. Amma har yanzu akwai abin da ba a amsa mini ba. Kotun Ƙolin da kanta ba ta same shi da laifin caca ko coge ba, kuma ta ce ba a tabbatar da zargin cewa ya rufa wa surukinsa asiri ba. Idan suruki ya yi laifi, shi ya kamata ya ɗauki kayansa.

Barista_Hadiza:
Haka ne, kotu ba ta same shi da caca ba, kuma adalci ne a riƙa faɗin wannan duk lokacin da aka ambaci sunansa. Amma ka dubi abin da hukumar ta yi da aka bar ta ta binciki kanta. Ta naɗa tsofaffin alƙalai biyu, a watan Yulin 2013 suka ce babu hujja a kan India Cements ko a kan Raj Kundra, ɗaya daga cikin masu Rajasthan Royals, wanda shi ma aka zarge shi da caca. Cikin kwana biyu Babbar Kotun Bombay ta ce an kafa kwamitin ba bisa ƙa'idar hukumar ba. Wanda ya kai ƙarar ma, Aditya Verma, daga ƙungiyar kurket ta Bihar yake, wadda BCCI ba ta amince da ita ba. Cikin ƙungiyoyin jihohin da ke karɓar kasonsu daga hukumar duk shekara babu wadda ta tashi. Sai da Kotun Ƙoli ta naɗa kwamitin Mai Shari'a Mukul Mudgal, shi ne a watan Fabrairun 2014 ya tabbatar cewa Meiyappan jami'in ƙungiyar ne kuma ya yi caca.

Muhimmancin wannan kalma ta jami'i shi ne, yarjejeniyar da kowace ƙungiya ta sa wa hannu ta ba hukuma ikon soke ƙungiyar idan mai ita ya aikata abin da ya zubar da mutuncin gasar. Saboda haka tambayar ko Meiyappan jami'i ne ko ɗan kallo, tambaya ce ta ko kadarar miliyoyin daloli za ta rayu ko za ta mutu, kuma wanda ke shugabantar hukumar da za ta amsa ta shi ne mai kadarar. A hukuncin 22 ga Janairun 2015, alƙalai T.S. Thakur da Ibrahim Kalifulla sun soke gyaran 2008, sun kafa hujja da tsohuwar ƙa'idar cewa mutum ba ya alƙalanci a shari'ar kansa, sun kuma ce ko da yake BCCI ƙungiya ce mai zaman kanta, aikin jama'a take yi tunda ita ke zaɓen waɗanda ke wakiltar ƙasa. Ba a hana shi harkar kurket ba, an ce ne ya zaɓi ɗaya, domin taura biyu ba ta taunuwa.

Hajiya_Binta_Akanta:
Ina goyon bayan Barista, kuma zan ba da misali daga abin da na gani da idona. Na taɓa riƙe ma'aji a kwamitin wasanni na wata makaranta. Shugabanmu dattijo ne mai mutunci, shi ya fi kowa ba da gudummawa daga aljihunsa. Da aka zo ɗinka rigunan 'yan wasa, sai ya ce ƙaninsa tela ne kuma zai yi mana ragi. Lallai ya yi ragin, na gwada farashinsa da na wasu teloli biyu na ga nasa ya fi sauƙi. Amma da rigunan suka zo, wanki ɗaya launin ya zube, lambobin baya suka ɓaɓɓake. Muka zauna taro mu bakwai, rigar tana kan tebur kowa yana kallonta, babu wanda ya iya buɗe baki ya ce a mayar, domin mayar da ita tamkar cin fuskar shugaba ne. Ba a saci ko kwabo ba, amma kwamitin ya rasa bakin magana, yara kuma suka je gasa da riguna masu dabbare-dabbare. Tun daga ranar na gane cewa irin wannan haɗin muƙami yana fara cin mutanen da ke kewaye da shugaba ne, kafin ya ci kuɗi.

Usman_Legas:
Kada a ɗora wa Srinivasan komai shi kaɗai, domin tun ranar da aka haifi gasar haka take. Lalit Modi, wanda ya ƙirƙiro IPL ya kuma shugabance ta, mijin 'yar'uwar matarsa, Suresh Chellaram, yana cikin manyan masu hannun jari a Rajasthan Royals. Mu a Najeriya mun san gidan, domin kamfanin Chellarams ya daɗe yana kasuwanci a nan Legas. A 2010 Modi ya tona sunayen masu hannun jari a sabuwar ƙungiyar Kochi, abin da ya sa minista Shashi Tharoor ya ajiye aiki, kuma a watan Afrilun shekarar hukumar ta dakatar da Modi ɗin shi kansa, a 2013 ta kore shi har abada.

Ƙurar ta kai har Afirka ta Kudu. Da aka kai gasar can a 2009 saboda ta zo daidai da zaɓen Indiya, an raba wa ma'aikatan hukumar kurket ta ƙasar kyautar kuɗi rand miliyan 4.7, mafi tsoka ga babban jami'inta Gerald Majola, ba tare da kuɗin sun bi ta kwamitin da ke kula da albashi ba. Shugaban hukumar, Mtutuzeli Nyoka, ya nace a yi bincike daga waje, sai aka tsige shi, kotu ta mayar da shi, aka sake tsige shi. Sai da ministan wasanni ya naɗa kwamitin Mai Shari'a Chris Nicholson kafin a kori Majola a 2012. Hadisin da Malam Nasiru ya kawo kamar a kan wannan aka faɗe shi.

Koci_Bala:
Ni damuwata tana kan maganin da aka kawo. Kwamitin Mai Shari'a R.M. Lodha, wanda Kotun Ƙoli ta naɗa, ya dakatar da Chennai da Rajasthan shekara biyu, ya haramta wa Meiyappan da Kundra harkar kurket har abada, sa'an nan a 2016 ya kawo gyare-gyare: wanda ya haura shekara 70 ba zai riƙe muƙami ba, minista ko ma'aikacin gwamnati ba zai riƙe ba, dole a huta tsakanin wa'adi, a kuma naɗa jami'in ɗa'a. Har nan ban da ja. Amma ƙa'idar mutum ɗaya muƙami ɗaya, su wa ta kama? A 2019 an aika wa tsofaffin 'yan wasa Sachin Tendulkar da V.V.S. Laxman da Sourav Ganguly takardar tuhuma saboda suna cikin kwamitin ba hukumar shawara suna kuma aiki da ƙungiyoyin IPL. Kapil Dev ya ajiye muƙaminsa a wannan kwamiti bayan an aika masa tasa. Rahul Dravid, wanda ya bar manyan kuɗi ya koma horar da yara, sai da ya tsaya gaban jami'in ɗa'a D.K. Jain saboda sunansa yana cikin ma'aikatan India Cements, kafin a wanke shi.

Idan Indiya mai mutum fiye da biliyan ɗaya tana kukan ƙarancin tsofaffin 'yan wasan da za su riƙe mata kwamiti, ina ga mu? A inda nake horar da yara, mu huɗu ne muka san ƙa'idojin wasan sosai. Ni ne koci, ni ke alƙalanci idan wasu makarantu suna karawa, ni ke shimfiɗa tabarmar jifa da safe, kuma ina cikin masu zaɓen yaran da za su wakilci jiha. Idan aka ce muƙami ɗaya, sai dai a rufe filin.

Zainab_Malali:
Koci, ina ganin ƙa'idar ba ta kai tsaurin da ake ba ta ba, aiwatar da ita ne ya yi tsauri. Kundin BCCI ya raba matsalar gida biyu. Akwai wadda ake warwarewa idan mutum ya bayyana alaƙarsa a rubuce ya kuma tashi daga zaman da za a yanke abin da ya shafe shi, akwai kuma wadda ba ta warwaruwa sai an ajiye ɗayan muƙaman. Kai da kake horar da yara kana kuma zaɓe, taka ta gidan farko ce. Mai ƙungiya da ke shugabantar hukumar da ke tsara gasar, tana raba kuɗin talabijin, tana hukunta ƙungiyoyi, tasa ta gida na biyu ce, domin babu zaman da zai rage masa idan ya tashi daga duk wanda ya shafe shi. Misalin Roger Binny yana tsakiya: yana cikin masu zaɓen 'yan wasan ƙasa ɗansa Stuart yana neman gurbi, an ce yakan fita idan an zo kan sunan ɗan, amma duk da haka a 2015 hukumar ta ga ya fi dacewa ya bar kwamitin.

Alhaji_Garba_Fagge:
Ku yi mini afuwa, ni dattijo ne, kuma abin da na lura da shi shi ne doka ta kama masu riƙe sanda ta bar masu riƙe mulki. An hana minista zama jami'in hukuma, amma ba a hana ɗansa ba. Jay Shah ya zama sakataren BCCI a 2019 mahaifinsa Amit Shah yana ministan cikin gida na Indiya, kuma tun 1 ga Disamban 2024 shi ne shugaban hukumar kurket ta duniya, ICC. A Pakistan ma ba a tsaya neman ɗa ba, Mohsin Naqvi shi ne shugaban hukumar kurket kuma shi ne ministan cikin gida. Mun ga sakamakon a Dubai a watan Satumban 2025, inda 'yan wasan Indiya suka ci kofin Asiya suka ƙi karɓarsa daga hannunsa a matsayinsa na shugaban hukumar kurket ta Asiya. ICC ta dakatar da Zimbabwe a 2019 da Sri Lanka a 2023 saboda gwamnati ta sa baki a harkar hukumominsu, to me ake kiran wannan?

Mustapha_Gwale:
Ranka ya daɗe Alhaji, game da Naqvi na yarda da kai ɗari bisa ɗari, domin kujeru biyun a hannun mutum ɗaya suke. Amma zama ɗan minista ba muƙami ba ne, kuma ba za a hana mutum aiki saboda mahaifinsa ba. A zamanin Jay Shah ne aka daidaita kuɗin wasa na mata da na maza a 2022, aka kuma fara gasar mata ta WPL a 2023. Ya kamata a auna shi da aikinsa.

Alhaji_Garba_Fagge:
Ɗana Mustapha, ban ce bai yi aiki ba. Srinivasan ma ya yi aiki, Ɗanliti ya faɗa mana. Tambayata ita ce, idan gwamnatin Indiya ta ce tawagarta ba za ta je Pakistan ba, kamar yadda aka yi a gasar Champions Trophy ta 2025 har Indiya ta buga dukan wasanninta a Dubai, wa zai gamsar da ɗan Pakistan cewa hukumar duniya ta auna maganar da ma'auni ɗaya?

Ɗanliti_Chepauk:
Zan ƙara a kan maganar Alhaji da abin da ya faru a Tamil Nadu. Da gyaran Lodha ya hana Srinivasan komawa, a 2019 aka zaɓi 'yarsa Rupa Gurunath, matar Meiyappan ɗin nan, shugabar ƙungiyar kurket ta jihar ba tare da hamayya ba. A 2021 jami'in ɗa'a ya same ta da riƙe muƙamai masu cin karo da juna saboda kujerarta a India Cements, kuma ta sauka a ƙarshen shekarar. Gyare-gyaren su kansu an yi ta sassauta su: a 2018 Kotun Ƙoli ta janye ƙa'idar jiha ɗaya ƙuri'a ɗaya, a 2022 ta yarda mutum ya yi shekara shida a jiha ya ƙara shida a BCCI kafin ya huta. Ganguly kuwa, yana shugaban hukumar yana tallata manhajar My11Circle ta wasan hasashen kurket, alhali abokiyar gogayyarta Dream11 ce ke ɗaukar nauyin IPL a 2020.

Usman_Legas:
Akwai wani hawa na wannan matsala da ya shafe mu kai tsaye. A 2014, shekarar da Kotun Ƙoli ta sa Srinivasan ya ja gefe daga BCCI, a shekarar ce ya zama shugaban ICC, bayan Indiya da Ingila da Ostareliya sun tsara yadda mafi yawan iko da kuɗi za su koma hannunsu. Shashank Manohar da ya gaje shi ya warware wani ɓangare na tsarin, aka kuma ce shugaban ICC ba zai riƙe muƙami a hukumar ƙasarsa ba. Amma masu zama a kwamitin gudanarwa har yanzu wakilan hukumomin da ke cin kason ne, su ke yanke nawa za a ba kansu. A rabon 2024 zuwa 2027 Indiya ita kaɗai tana karɓar kashi 38.5 cikin ɗari, ƙananan ƙasashe fiye da 90, har da Najeriya, suna raba kimanin kashi 11. Indiya tana da hujjarta, cewa daga kasuwarta mafi yawan kuɗin ke fitowa. Duk da haka 'yan matanmu 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke New Zealand a gasar kofin duniya a Malesiya a watan Janairun 2025, kuma ina tunanin abin da za su yi da a ce wanda ba shi da kaso ne ke riƙe da wuƙar rabon.

Zainab_Malali:
Akwai waɗanda suka sauka da kansu. Inzamam-ul-Haq ya ajiye shugabancin zaɓen 'yan wasan Pakistan a watan Oktoban 2023, ana tsakiyar gasar kofin duniya, da aka taso da maganar alaƙarsa da wani kamfani da wakilin manyan 'yan wasan ƙasar ke ciki. Ya musanta cewa ya yi ba daidai ba, ya ce ya sauka ne don a yi bincike.

Sani_Tudunwada:
Na gode muku duka. Labarin Hajiya Binta ya shige ni, kuma na yarda cewa bai kamata a bar mai ƙungiya a kan kujerar hukuma ba ko da bai ɗauki sisi ba. Inda nake tsaye har yanzu shi ne kan wanda ya ɗanɗana kuɗarsa. An dakatar da Chennai a 2016 da 2017, mai shagon shayin Ɗanliti da ma'aikatan fili da ƙananan 'yan wasa su suka ji a jikinsu, ƙungiyar kuma ta dawo a 2018 ta ɗauki kofi. Sharad Pawar da sauran waɗanda suka amince da cinikin suka kuma ɗaga hannu aka gyara sashe na 6.2.4, ban ji an tambayi ɗayansu komai ba.

Barista_Hadiza:
Wannan ƙorafi naka yana da tushe, Malam Sani. Hukuncin 2015 ya soke gyaran ne, bai bi waɗanda suka yi shi ɗaya bayan ɗaya ba. Waɗanda kotu ta tsige daga baya, shugaban hukumar Anurag Thakur da sakatarenta Ajay Shirke a watan Janairun 2017, an tsige su ne saboda ƙin aiwatar da gyaran Lodha, ba saboda 2008 ba.

Koci_Bala:
Malama Zainab, na yi ta tunanin bambancin da kika kawo. Wata mai zuwa za mu zaɓi 'yan ƙasa da shekara 15, kuma ɗan yayata yana cikin yara talatin da za su zo gwaji. Yaron ya iya jifa, a ganina yana cikin biyar na farko, amma ni na koya masa riƙe ƙwallo tun yana ɗan shekara takwas. Na yanke shawarar zan rubuta wa sauran ukun alaƙarmu kafin ranar, in bar musu takardar maki idan layi ya zo kansa. Abin da ban warware ba shi ne sauran yaran da ke neman gurbin jifa tare da shi, domin duk makin da na rage wa ɗayansu shi na ƙara wa. Shin in janye daga auna masu jifa gaba ɗaya, alhali a cikinmu huɗun ni kaɗai na taɓa zama mai jifa?